An tsare ni a hanyar Dakoro saboda na ɗaga motata

Mai Hilux na Bagalam:
Salamu alaikum ƴan zaure. Abin da ya same ni shekaranjiya na kawo muku, ku yi mini alƙalanci. Na taso Maradi da sassafe zan kai kayan shago Dakoro. Na wuce Tsibiri na karkata arewa, sai aka tsai da ni a wani shinge. Na miƙa permi, kart giriz, asirans, komai cif. Mutumin bai tsaya kan takardun ba. Zagaya motar ya yi, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago ya ce: "Alhaji, wa ya ɗaga ta haka?" Na ce ni na sa. Ya ce ba haka kamfani ya ƙera ta ba, kuma tayoyina sun leƙo sun wuce jikin mota. Awa biyu ina tsaye, kwalayen madara suna shan rana. Daga ƙarshe ya sake ni da sharaɗin in kai ta bizit teknik, wato binciken lafiyar mota.

Ɗagawar santimita 10 ce a baya, 7 a gaba, sai manyan tayoyi. Bayan ruwan nan na ƙarshen watan Agustan 2024 na yi ta, ranar da ruwa ya shigar mini mota har kujera a unguwa. Motata ce, kuɗina ne, hanyar kuma kowa ya san halinta. Ina laifina?

Ɗan Gayun Zariya:
Babu laifi ko ɗaya Alhaji. Baƙin ciki ne kawai. Ni tawa kwantar da ita na yi, Honda, aka yanke resor, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, zagaye biyu-biyu, kuma ni ma kullum sai an tsare ni. Ka ɗaga a yi magana, ka kwantar a yi magana. To ina ake so mutum ya sa kansa?

Sarkin Zolaya:
Kai ne mai motar nan da ke hawa tudun rage gudu a karkace kamar kaguwa? Ran nan a hanyar babbar kasuwa sai da muka yi layi muna jiran ka gama addu'a ka tsallake.

Ɗan Gayun Zariya:
Ado da wahala ai. Kai dai baka san mota ba.

Bakanike Sabon Gari:
Alhaji, a ajiye maganar doka tukuna, ina da tambaya uku. A bayan motar, lam aka canza, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ko tubalin ƙarfe aka cusa tsakanin lam da pon, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya? Etiriye ɗin, lanƙwasassun ƙusoshin da suka riƙe su, sababbi ne masu tsawo ko tsofaffin aka yi wa ƙari da walda? Sannan motar tana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki?

Mai Hilux na Bagalam:
Tubali ne, wani mai walda ya yanko mini. Etiriye ban duba ba gaskiya. ABS babu.

Bakanike Sabon Gari:
To a nan gizo ke saƙar. Ka yi haƙuri zan ja magana.

Hilux irin taka bayanta lam ne, gabanta kuma kowace ƙafa zaman kanta take, da resor da amortisa mai shanye girgiza da kardan, sandar da ke juya taya. Gaban nan an auna shi ne a kan wani tsayi. In ka wuce kamar santimita 5, kardan ya fara aiki a karkace, robarsa ta tsage, rairayi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kan mota. Rotil na sama, gaɓar da ta riƙe taya, shi ma ya kai ƙarshen tafiyarsa. Rotil kuwa in ya fita kana gudu, taya kwanciya take yi, ba ta sallama.

A baya, tubali dogo yana ba pon damar murɗawa duk lokacin da ka taka wuta ko birki. Etiriye ne ke shan wannan wahalar. In masu ƙari da walda ne, wurin waldar nan zai karye.

Amma abin da ya fi damuna birki ne. Mota irin taka marar ABS tana da wani ɗan bawul a baya, da sanda da ta haɗa shi da pon. Aikinsa auna kaya. In ka loda, baya ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ba kaya ya rage, don kada tayar baya ta kulle. Da aka ɗaga jikin aka bar sandar inda take, shi kullum gani yake motar fayau ce, ko da buhun gero goma ke ciki. Ka ga duk nauyin tsayawa ya koma kan birkin gaba. Ga tiyon birki, shi ma ba a ƙara masa tsawo ba, in ƙafa ta faɗa rami sai ya miƙe kamar tsirkiya.

Kuma abin haushin, ɗaga jiki ba ya ɗaga pon. Kaskon nan na tsakiya da ke shara cikin rairayi yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi.

Mai Hilux na Bagalam:
Oga, wallahi tun da aka yi aikin na lura birkin ya yi sanyi in na ɗauko kaya. Na ɗauka takalmin birki ne ya cinye, har na canza. Amma duk wannan tsakanina da motata ne. Me ya kawo mai kaki ciki?

Maman Biyu:
Ba tsakaninka da motarka ba ne kaɗai Alhaji, da mu a ciki. Ni a babur nake zuwa aiki, wani lokaci sai bayan isha'i nake tashi. In irin motocinku suka tunkaro, fitilar ba hanya take haskawa ba, idona take shiga kai tsaye. Watan jiya wajen Ali Ɗan Sofo haka wata ta dalle ni, ban ga amalanken da ke gabana ba sai da na ji ƙamshin jaki. Allah ne ya kiyaye na kauce, gefen gyalena ya kama a ƙarfen amalanken ya yage. Mai motar ko sani bai yi ba. Kuma ku dubi ƙarfen da kuke ɗaurawa a gaba. Ƙaramar mota in ta bugi ɗan kabu-kabu ƙafa take samu. Taku ƙirji take samu. Yaron da ke tsallaka titi daga makarantar allo kuwa, anya ma kuna ganinsa ta saman bonet?

Ɗan Gayun Zariya:
Hajiya ki ga amfanin tawa ke nan. Fitilata ƙasa take kallo.

Maman Biyu:
Taka kuma ƙaninmu, ran da ka shiga ƙarƙashin kamiyo ba za a same ka ba sai an ɗaga shi.

Ɗan Maradi a Jamus:
Gaisuwa ga manya. A nan inda nake ba a hana ɗagawa ko kwantarwa ba, matasa suna yi sosai. Sai dai duk abin da ka canza a ƙafar mota dole kayan su zo da takardar shaida, ka kai wa masu duba mota irin su TÜV ko DEKRA su gwada, a shigar da canjin a takardun motar. In ba ka yi ba aka kama ka, izinin motar na hawa hanya yana iya faɗuwa, kamfanin asirans kuma ya samu ƙofar zillewa ranar hatsari. A Faransa ma babban canji sai an sake karɓar motar a hukumance, ita kaɗai. Maganar Hajiya ta fitila kuwa tana da lamba a ƙa'idar Turai: fitilar kusa kada ta gaza santimita 50 daga ƙasa, kada ta wuce 120. Yanke resor da injin yanka kuwa, ko makaho ya duba motar ba za ta wuce ba.

Mai Hilux na Bagalam:
Ɗan'uwa, ka kawo mana titin Jamus tukuna sannan ka kawo dokar Jamus. Ka taɓa bin hanyar Bermo da damina? Ko ka shiga ƙauyukan bayan Mayahi inda rairayi ke kai rabin taya? Wanda ke tafiya a kan faranti ba zai koya mini tsayin mota ba.

Sarkin Zolaya:
Ya manta ne. Shekara shida bai ga ƙura ba.

Ɗan Maradi a Jamus:
Ban manta ba, a Madarumfa aka yanke cibiyata. To bar Jamus. Ɗauki Ostareliya, inda suke da daji da jar ƙasa da gargada irin tamu, kuma Hilux da Land Cruiser ne motocinsu na aiki. Ƙa'idarsu ta gyaran ƙananan motoci ta yarda ka ɗaga ƙafa har santimita 5 ba tare da sa hannun injiniya ba, wasu jihohin su ƙara maka 2 da rabi na taya. Ya wuce nan sai injiniya ya gwada ya sa hannu. Mai kwantarwa kuma dole ya bar santimita 10 tsakanin cikin mota da ƙasa. Ka lura da lambar da Oga Bakanike ya faɗa daga garejinsa na Sabon Gari, ita ce dai 5 ɗin. Ba haɗa baki suka yi ba, ƙarfen ne ɗaya.

Malam Mai Lissafi:
Bari in sa alli a maganar. Abin da ke hana mota kifewa abu biyu ne: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da tsayin cibiyar nauyinta. Ana raba faɗin da ninki biyu na tsayin. A ce faɗin mita 1.5 ne, cibiyar nauyi tana santimita 70 daga ƙasa, ka samu 1.07. Ka ɗaga ta koma 80, ya sauko 0.94. Duk saukar lambar nan, gudun da za ka iya kauce wa akuya da shi ba tare da ƙafa biyu sun tashi ba yana raguwa. Mercedes da kansu a 1997 ƙaramar motarsu A-Class ta kife a gwajin kaucewa da wata mujallar Suwidin ta yi, sai da suka dakatar da sayarwa, suka sauke ta ƙasa kaɗan, suka sa mata na'urar daidaita tafiya.

Alhaji, wace taya ka cire, wace ka sa?

Mai Hilux na Bagalam:
265/70 R16 na cire, na sa 285/75 R16.

Malam Mai Lissafi:
Ta farko tsayinta kusan santimita 78, ta biyu 83 da ɗoriya. Wato pon ya tashi da ƙasa da santimita 3, shi ke nan ribar da ka ci a rairayi. Amma tayar ta fi girma da kashi 7 cikin 100, don haka in allurarka ta nuna 100, kana kan 107 ne. Nisan tsayawa kuma da gudu sau gudu yake tafiya, ƙarin 7 ɗin nan ya zama kusan kashi 15 na nisa, tun ba a zo ga bawul ɗin da Oga ya ambata ba.

Mai Hilux na Bagalam:
Malam kun taru a kaina yau.

Baba Tsohon Direba:
Yara, ku bari in ce wani abu. Ni shekara talatin da wani abu ina jan mota tsakanin Maradi, Tasawa da Damagaram, wani zubin Ɗan Isa har Katsina. Ɗaga mota ba yau anka fara ba. Fijo 504 da anka riƙa haɗawa Kaduna ai da tsayinta take fitowa, don sun san inda za ta. Bashe kuwa, masu buɗaɗɗen baya, 404 da 504, duk mun ƙara musu lam, ɗaya ko biyu, ba don gayu ba, don kaya. Ba wanda ya tsare mu.

Amma abin da idona ya gani shi zan faɗi. Wata ranar Juma'a bayan an tashi kasuwa, wata Hiace ta wuce ni gab da Gazawa. An ƙara mata lam ta yi tsaye kamar raƙumi, saman kuma an jibga buhunan wake da tabarmi da awaki biyu a ɗaure. Na ce wa yaron motata, wagga ba ta kai gida. Ba mu yi nisa ba, saniya ta fito, direba ya karya kai kaɗan, ba gudu shikai na hauka ba. Sai mota ta kwanta a hankali kamar mai jin barci. Da munka tsaya, tayoyin dama na ta juyawa a sama, wake ya cika kwalta, wata tsohuwa na neman takalminta tana salati. An yi jinya, Allah bai yi da ajali ba. Direban abokina ne, har ya rasu bai ƙara sa kaya a sama ba.

Lam da ka ƙara shina hana mota zama, ba shi ƙara mata birki, ba shi ƙara wa taya ƙarfi. Da can in an yi lodi ya wuce, mota da kanta ke faɗa maka, ta zauna. In ka ƙara lam ka toshe mata baki.

Maman Biyu:
Allah ya ƙara girma Baba.

Mai Tirela:
Baba ya gama magana. Mu manyan motoci ai namu a rubuce yake. Ƙa'ida mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, tun 2005, ta ce tsayi kada ya wuce mita 4, nauyi duka kada ya wuce tan 51, kowane pon da iyakarsa, kuma ana ɗora mu a sikeli. Ta shafi abin da ya haura tan 3 da rabi ne, Hilux ba ta ciki. Mu ma da aka fara mun yi ta ƙorafi, amma ko ba komai ka san lambar da za a kama ka da ita tun kana lodi. Abin da Alhaji ke kuka da shi na gane. Mutum ya tsuguna ya kalli motarka da ido ya ce ta yi tsawo, wani shingen kuma a ɗaga maka hannu ka wuce. Wannan ne ke sa rai ɓaci.

Mai Hilux na Bagalam:
Yawwa! Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A shinge biyu kafin wannan ba wanda ya ce uffan. Da zai buɗe takarda ya ce ga iyaka, ga awon motarka, wallahi da na yi shiru.

Ɗan Gayun Zariya:
Kuma doka ai tana canzawa in mutane suka dage. A Kalifoniya ta Amurka tun 1958 aka hana kwantar da mota har wani sashenta ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya. Masu son abin, galibi ƴan asalin Meksiko, suka ƙirƙiro sa wa mota famfon mai, in sun hango ɗan sanda su ɗaga, in ya wuce su kwantar. Suka yi ta fama har aka soke dokar, daga farkon 2024. Yanzu al'ada ce ake alfahari da ita.

Ɗan Maradi a Jamus:
Gaskiya ne, amma ka karanto rabi. A Amurkan dai, jihar Karolina ta Arewa ta hana wani salon a ƙarshen 2021, wanda ake ɗaga gaba a bar baya ƙasa, in gaban ya fi bayan da inci 4, kusan santimita 10 ke nan. Dalili shi ne na Hajiya: direba sama yake kallo, fitila ma haka. Bajiniya ta bi a 2022 bayan wani mummunan hatsari. Kuma su masu famfon nan na Kalifoniya dukiya suke zubawa a ƙafar mota, ba resor suke kai wa mai yankan ƙarfe ba.

Bakanike Sabon Gari:
Ɗan Gayu, tun da ka dawo da kanka. Resor da aka yanke ya gajarce, in ƙafa ta saki a rami yana iya fita daga mazauninsa. Amortisa kuma kullum a danne yake, wata nawa ya fara zubar da mai. Tayoyinka ka duba su daga ciki, na rantse sun cinye gefe ɗaya. Kaskon man injinka kuma tsakaninsa da dutsen farko kwana ne. Na canza irinsa sun fi a ƙirga, duk na yara masu aure ya kusa.

Ɗan Gayun Zariya:
Oga tayar kam ta cinye. Amma kaskon sau ɗaya ne ya fashe.

Sarkin Zolaya:
Sau ɗaya ne wai. Ranar ɗaurin auren abokinsa, amarya na ciki.

Ɗan Gayun Zariya:
Ƙarya kake, ƙawayen amarya ne.

Mai kula da zaure:
A dawo kan magana don Allah. Sarkin Zolaya, ka sassauta wa yaron nan. Batun lamba da Mai Tirela ya tayar, dokar hanyarmu ta 2014 ce, kuma akwai ANISER mai kula da kiyaye haɗurra. Ranar Litinin ina da zuwa ofishin sufuri sabunta takarda, zan nemi a nuna mini sashen da ya shafi canza ƙirar mota, in ɗauko hoto in saka a nan kowa ya ajiye a wayarsa.

Mai Hilux na Bagalam:
Allah ya saka. Amma ni har yanzu ban sauka daga kan bakana ba: mai zuwa daji yana bukatar tsayi. Ba kowa ke ɗagawa don ƴan mata su gani ba.

Bakanike Sabon Gari:
Ba wanda ya ce ka mayar da ita yadda take. Lam na kirki masu ba da santimita 5, amortisa mai tsawon da ya dace, a sauko da sandar bawul, a sa tiyo mai tsawo, a daidaita ƙafafun gaba. Rairayi kuwa maganinsa rage iskar taya, Baba shaida ne. Kawo ta gobe da safe mu hau da ita rami.

Baba Tsohon Direba:
Da rage iska da shebur munka ƙetare abin da kat-kat ɗinku ke tsoro yanzu.

Mai Hilux na Bagalam:
Jama'a na dawo daga wurin Oga. Da muka shiga ramin ya haska tocila, etiriye huɗun nan duk masu ƙari ne da walda. Ɗaya na hagu ya tsage ya kai rabi, da ya sa farce sai tsatsa ke zubowa. Tiyon birki na baya kuma ya miƙe yana gogar ƙarfe, robar ta ci har zaren ciki ya fito. Da haka na je Dakoro na dawo da kaya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na fi minti goma ban ce komai ba. An cire tubalan, lam sai an kawo daga Kano cikin mako. Amma maganar awa biyu a rana tana nan, ina jiran hoton ranar Litinin.

Maman Biyu:
Alhamdu lillahi. Fitilar fa?

Bakanike Sabon Gari:
Sai lam sun hau Hajiya, yanzu in na saita za ta sake canzawa. Kowa ma zai iya gwada tasa a gida: ka tsai da mota a wuri mai baje, mita 10 daga bango, ka auna tsayin fitila daga ƙasa, ka kunna ta kusa. Layin hasken a bango ya zama ƙasa da wannan tsayin da kamar santimita 10. In ya hau sama, idon mutane kake haskawa.

Mai Hilux na Bagalam:
Wanda ke da 265 huɗu masu kyau yana son musaya da 285, ya yi mini magana ta gefe. Ba su yi shekara biyu ba.

Ɗan Gayun Zariya:
Oga, resor ɗin Honda na asali, na hannu, nawa ne biyu na gaba? Tambaya kawai nake, na wani abokina ne.